Kalmar da na ƙulle a haɓar zani

Kada ma wani ya yaba mini, ba son ilimi ya kai ni ajin Faransanci ba. Mace mai jikoki, mai matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a Birni, me zan yi da yaren Nasara? Masu sayen maina da Hausa suke saye, masu kushe shi ma da Hausa suke kushewa. Kalma ɗaya ce tak ta kai ni, ita ma tsintarta na yi daga bakin ƙanen mijina.

Na farina direba ne. Kun ga, ko a takarda sai da na kewaye. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta sunan ba, kuma ban taɓa nuna shi na ce nawa ne ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "wancan". Uwata ce ta goya shi a Gidimuni, ita ke kiran sunansa da ƙarfi daga bakin tafki. Ni kuwa ko zazzaɓi yake yi sai dai in saci kallonsa ta gefen ido. Haka na tarar ana kunyar ɗan fari, haka na yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai da wayar nan ta shigo.

Tankin ruwa yake ja zuwa wurin masu haƙar zinariya, can arewa, gaba da Agadas. Mai motar wani mutumin bakin teku ne da ba ya jin Hausa. Wata ranar bazara da hantsi ina tsakar suya wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na ji namiji yana ta zuba Faransanci, ba ya ko numfashi. Abin da na iya tsinta kawai sunan yaron ne. Na sauke kasko, na yafa mayafi, na ratsa lungu zuwa gidan ƙanen mijina da wayar a hannu, mutumin yana ta magana a ciki.

Ƙanen mijin nan nawa Mushe kowa ke ce masa, yadda ake kiran malaman boko, don ya daɗe yana diraktan lakwal, wato shugaban makaranta, kafin ya ajiye aiki. Tun da aka kawo ni gidan yayansa muke wasa. "Matata" yake ce mini, ni kuwa in ce masa, "Mijin banza, ba cefane ba ɗinki." Ko bayan rasuwar yayansa bai fasa ba. Ranar ma da ya hango ni sai ya ce, "A'a, matata, da gudu haka? Kewata ta hana ki suya?" Na miƙa masa wayar na ce ya ji abin da wannan ke faɗa.

Ya kara a kunne yana murmushi. Ya ce wi, ya sake cewa wi. Sai murmushin ya tafi. Na ji ya ce, "Disfaru?" Ya juya mini baya, ya sake maimaitawa a hankali, "Disfaru." Daga nan ya shige zaure ya rage murya. Da ya fito sai ya ce mini mai motar ne, wai an tura yaron wani aiki can ciki inda babu rezo, waya ba ta kamawa, zai jima bai kira ba, kada a damu. Ya ce, "Na ba shi lambata, Yaya, don kada ya riƙa wahalar da ke."

Yaya? Ni? Mutumin da ko ranar da na dawo daga makokin uwata sai da ya tsokane ni? Amma me zan ce? Uwa ba ta tsare mutum da tambaya a kan ɗan fari. In na ce, "Me ya same shi?" gobe a bakin famfo za a ce wance ta zubar da kunya da tsufanta. Na ce, "To, Allah ya tsare," na karɓi wayata na koma. A hanya na yi ta nanata kalmar a zuci don kada ta zube, na ƙulle ta yadda nake ƙulle canji a haɓar zani.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga ranar Mushe ya daina wasa da ni ɗungurungum. Sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ciwon ƙafata, ya tambayi ko ina shan maganin hawan jini. Ya aiko mini da shinkafa ba salla ba biki. Ba a jima ba aka kwashi matar yaron da ƴaƴanta zuwa Hamdara, wai gwaggonta ba lafiya. Da ta zo sallama ba ta yarda mun haɗa ido ba, kuma idanunta sun kumbura, ta ce hayaƙi ne. Ni za a gaya wa hayaƙi, da na tsufa a bakin murhu?

Sai kuma Mushe ya ce zai je suna Dakusa. Ya yi kwanaki da yawa bai dawo ba, ya dawo leɓɓansa sun tsattsage, ya kawo mini tsarabar cuku. Na juya cukun nan a hannu na ce a raina, yaushe mutanen Dakusa suka fara cuku? Masu gero da gyaɗa? Wannan tsarabar arewa ce, ko makaho ya shinshina ya sani. Na yi godiya na ajiye, ban ci ba.

Na gwada neman ma'anar kalmar a ɓoye. Na tambayi mai sayar da magani a farmasi, ya ce, "Disfansar kike nufi, Inna? Ƙaramin asibiti?" Na kwana biyu ina ganin yaron a kwance an ɗaura masa ruwa. Na tambayi ƴar maƙwabta da ke lise, babbar sakandare. Ta dube ni ta ce, "A ina kika ji ta, Inna?" Na ce a rediyo. Ta ce ita ba a koya musu ba tukuna, tana faɗa tana wasa da bakin hijabinta. Washegari sai ga Mushe, bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, an ce kina tambayar kalmomi. In akwai abin da kike so a fassara miki, ai ga ni."

A nan na gane cewa rabin masu Faransancin garin nan ta hannunsa suka bi. Duk wanda na tambaya, kafin in isa gida labari ya riga ni. Haushi ya kama ni har na ƙona ƙuli kasko guda. Na ce to, tunda kun haɗa baki, zan je inda ake sayar da yaren in saya da kaina. Wata mai sayen mai a wurina ta taɓa ce mini a santir, wato cibiyar al'adu, ana koya wa manya Faransanci bayan la'asar. Na je na sa sunana, ban shawarci kowa ba.

Ɗakin karatun yana can bayan filin da ake wasan kwaikwayo. Tebura ne da kujeru irin na ƴan lakwal, fanka biyu a sama, ɗaya ba ta juyawa. Akwai teloli, akwai matan aure, akwai wani tsohon soja. Malamar wata yarinya ce Bazabarma daga Yamai, Madan muke ce mata. Hausarta a karkace take, namiji ta mai da shi mace, mace ta mai da ita namiji. Wannan ya kwantar mini da hankali, na ce baƙuwa ce, ba ta bi ta hannun Mushe ba. Na yi niyyar ba zan tambaye ta kalmar ba. Zan zauna in kasa kunne har ranar da za ta fito da kanta, ba wanda ya shirya ta domina.

Kusa da ni aka zaunar da wani Alhaji Bakano mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole. Ya ce shi ya zo ne don kada ma'aikatan duwan, wato kwastan, su riƙa sayar da shi yana tsaye. Tun ranar farko ya ɓare goro ya miƙo mini rabi ya ce, "Ke kuma baiwata, me ya kawo ki da tsufanki?" Na ce, "Na zo in koyi yadda ake zagin Bakano da Nasaranci, don na Hausa ya ƙare mini." Ya yi dariya har da buga tebur. Tsakaninmu da Kanawa wasa ne tun kaka da kakanni, amma ni a lokacin ko wasa ban yarda da shi ba. Na ce wa ya sani ko turo shi aka yi? Na karɓi goron na sa a jaka.

Da farko gaisuwa aka koya mana, da yadda ake tambayar hanya: u e kasuwa, u e asibiti, wato ina kaza yake. Harshena ya sha wuya. Akwai wani harafi da sai ka tsuke baki kamar mai hura wuta, akwai wanda ake kakaro shi daga maƙogwaro. Alhaji ya ce tun da yake bai taɓa biyan kuɗi don a koya masa kaki ba sai a Damagaram. Ana cikin haka aka zo darasin iyali. Madan ta rubuta a tablo ta karanta mana: uba, uwa, mon fis wato ɗana, ma fiy wato ƴata. Sai ta fara bin mu ɗaya bayan ɗaya.

Da ta zo kaina ta ce, "Mama, ƴaƴanki nawa ne? Yaya sunan babban?"

Duk ajin nan ba ta tambayi kowa sunan babba ba sai ni, ko kuwa ni ce ban ji ba. Na ce a raina, wa ya aiko ki? Na tsuke baki na dubi fanka. Matan ajin suka fara dariya, Alhaji ya ce, "Madan, ɗan fari ne, ko yanka ta za ki yi ba za ta faɗa ba." Madan ta dafa kafaɗata ta ce, "Mu ma muna da wannan kunyar, Mama. Amma nan kilas ne, Faransanci ba shi da kunya." Na ce, "Ai na ga alama." Ta wuce ta bar ni, amma ranar ban ƙara ɗaga ido na dube ta ba.

Ba a yi nisa ba zargina ya samu gindin zama. Na fito daga aji wata rana sai ga Mushe a ƙofar ɗakin littattafai da jarida a hannu, yana gaisawa da Madan, suna ta Faransanci suna gyaɗa kai. Ashe can yake zuwa karatun jarida. Da ya gan ni da jakar littafi a kafaɗa sai ya tsaya cak. Da a da ne, wata guda zai yi yana mini dariya, sai ya sa yaran unguwa sun yi mini waƙar ƴar lakwal mai furfura. Amma sai ya ce, "Karatu ake, Yaya? Allah ya ba da sa'a." Ya sunkuyar da kai. Na ce lalle biri ya yi kama da mutum. Daga ranar na tabbatar wa kaina cewa ya ja wa Madan kunne, kuma in kalmar tana shafin gaba za ta tsallake shafin.

Duk da haka ban fasa zuwa ba. Ina zaune ina tsintar maganarta yadda ake tsince tsakuwa a wake. Ranar da aka koya mana ƙirga, ta kai goma ta ce, "Dis." Wallahi sai da alƙalami ya suɓuce daga hannuna. Dis! Ashe rabin kalmar goma ne. Saura faru. Na dawo gida ina lissafi. Goma me? Kwana goma? Ai sun wuce tuni. Wata goma? Ko ɗaure shi aka yi, aka yanke masa goma? Na yi ta ganinsa a kaso, na yi ta tunanin abin da zai sa a kama shi, shi da ko kazar maƙwabta bai taɓa jifa ba. Har wani sanyi na ji, don wanda ke kaso ana iya kai masa tuwo.

A darasi na gaba na kasa haƙuri. Na ɗaga hannu na ce, "Madan, dis goma ne. To faru fa?" Ta yamutsa fuska ta ce babu wannan kalmar a Faransanci. Alhaji ya ce, "Faru ai itace ne, baiwata, ko kuma abin da ya faru ya faru." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina, babu ko an ce ki ce babu? Na dube ta da kyau ko zan ga ƙarya a idonta, ban ga komai ba sai gajiya, amma na ce ai masu boko sun iya ɓoye ido.

Haka damina ta shigo ta same ni, ba kira, ba labari. Da rana in yi suya, bayan la'asar in tafi aji. Na rame har zobena ya fara zamewa. Maƙwabta suka ce Faransanci ne ke cin jikina. In an tambaye ni labarin mutanen arewa sai in ce lafiya lau, don abin da aka ce mini ke nan. Ko a sallah in na zo yi masa addu'a ba na sanin wadda zan yi, ta matafiyi ko ta majinyaci ko ta ɗaurarre. Ta huɗun kuwa ko a zuci ban yarda na taɓa ta ba.

Ranar da abin ya fito ba Madan ce ta kawo shi ba. Muna koyon yadda ake ba da labarin abin da ya wuce, ta ce kowa ya faɗi abin da ya same shi jiya. Alhaji ya shigo a makare, hularsa a karkace, yana huci. Ya ce shi yau yana da labari. An sauke masa dilar atamfa a tasha, ya je salla ya dawo, babu ita babu dalilinta. Ya tambayi ƴan dako, ya tambayi ƴan kamasho, kowa ya ce bai gani ba. Ya ce, "Madan, yaya zan ce wa ɗan sanda kayana sun ɓace ɓat, ko sama ko ƙasa?"

Madan ta ɗauki alli ta juya ga tablo, ta ce, "Il a disfaru."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kujerar ta faɗi a bayana. Na ce, "Me kika ce?" Ta maimaita. Ita ce, ba ragi ba ƙari, har yadda ake tsuke baki a ƙarshenta. Ta ce ma'anarta ya ɓace, an neme shi an rasa, ba a san inda yake ba. Alhaji ya ce, "To ke me ya yi miki zafi, atamfarki ce?" Ban kula shi ba. Na ce, "Madan, ana faɗa wa mutum?"

Ta ajiye allin. Ina jin a lokacin ta ga abin da ke fuskata, don muryarta ta sauka. Ta ce ana faɗa, in mutum ya fita ba a san inda ya shiga ba. Sannan ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, Mama. Wani lokaci ana faɗa wa wanda ya mutu, in ana so a sakaya." A nan na san yarinyar nan ba wanda ya ja mata kunne. Da an ja, da ba ta ƙara wannan ba.

Na tsaya ina jin ƙarar fanka. Ashe yaren da aka ce ba shi da kunya shi ma ya iya sakayawa. Mu ma ai haka muke yi, ba ma cewa wane ya mutu, sai mu ce ya rasu, an yi rashi, kamar nemansa aka yi aka rasa. Na yi wata da watanni ina farautar kalma ɗaya don ta raba mini gardama, na kama ta, sai ga ta da baki biyu. Na ɗauki jakata. Alhaji ya tashi ya ɗaga kujerar da na kayar, ya ce, "Hajiya, in raka ki?" Shi ma ranar ya bar kirana baiwa. Na ce a'a.

Ni da ba na hawa kabu-kabu, ranar na hau. Muna tafe ina tunanin yadda zan tambaya. Na gwada da Hausa a zuci, harshena ya ƙi. Shekarun da na yi ina kewaye yaron nan sun toshe hanyar. Sai na tuna darasin tambayar hanya, na tuna darasin iyali, na ɗauko guntu daga nan na ɗauko guntu daga can na haɗa. Na yi ta maimaitawa a bayan mai babur har ya waiwayo ya ce, "Inna, da ni kike?"

Na tarar da Mushe a ƙofar gida a kan tabarma, ƙarƙashin dogon yaro, rana ta yi sanyi. Ya fara miƙewa zai gaishe ni. Ban bar shi ba. Na tsaya a kansa na ce, "U e mon fis?"

Ina ɗana. Ban taɓa faɗa ba tun da na haife shi, sai ranar, kuma da bakin aro.

Mushe ya koma ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sai na ga tsohon diraktan lakwal, wanda yara ke fitsari in ya yi tsawa, yana kuka kamar yaro. Ya ce motoci biyu ne suka taso tare, iska ta raba su a cikin rairayi. Ɗayar ta isa, ta yaron ba ta isa ba. Daga baya aka samu motar a tsaye, an buɗe gabanta, alamar ta lalace ne. Ba kowa a ciki. Babu jarkarsa ta ruwa, babu bargonsa, ana jin ya taka ne da ƙafa neman hanya. An bi an duba, ba a ga sawu ba, ba a kuma ga gawa ba. Ya ce shi da kansa ya je Agadas, ba Dakusa ba. Na ce, "Na sani, na ga cuku."

Na ce masa, "Kai da matarsa da ƴan unguwa duk kun sani, ni da na haife shi kuka mai da ni bare?" Ya ce sun ji tsoron hawan jinina, suna ta jiran labari mai daɗi su haɗa su gaya mini gaba ɗaya. Sannan ya share ido ya ce, "Kullum in na zo gaishe ki, Yaya, sai in ce yau za ta tambaya in huta. Da kin tambaya da na faɗa."

Na ce, "Da wane bakin?"

Na zauna a gefen tabarmar na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, a bakin titi, masu wucewa suna kallo, ban rufe fuska ba. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na ji tausayinsa, don shi ma kayan sun yi masa nauyi. Shi yana jiran in tambaya, ni ina jiran ya faɗa, yaron yana can inda Allah kaɗai ya sani.

Bayan kwanaki dattawan dangi suka zo da maganar a yi masa sadaka a yi addu'ar mamaci, hankalin kowa ya kwanta. Na ce a yi addu'a, amma ta wanda ya ɓace. Wani ya ce, "Hajiya, hamada fa ce." Na ce na sani, amma mai motar bai ce ya mutu ba, kuma akwai kalmar mutuwa a yarensu, an koya mana ita, da ya so da ita ya faɗa. Suka dubi Mushe, shi kuwa ya ce gaskiyata ce. Maganar zaman matarsa na bar wa malamai, su suka san hukuncinta.

Na koma aji. Wasu sun zaci na gama, tunda na samu abin da na je nema. Da Madan ta shigo na ɗaga hannu a gaban kowa na ce, "In an ga wanda ya ɓace, me ake cewa?" Ta ce, "Ratruve." Na sa ta maimaita har ta zauna mini a kunne. Ta ce in an same shi da rai za a ƙara da vivan. Na ce ta ba ni wannan ma. Alhaji ya ce shi ma a ba shi, ko Allah zai sa dilarsa ta ji ta dawo. Ya ɓare goro ya miƙo mini, ranar na ci.

Sannan na roƙi Madan ta haɗa mini magana guda, ta koya mini ita har na iya. Na je wurin Mushe na ce ya ba ni lambar mai motar. Ya ce zai kira mini. Na ce a'a, ni zan kira. A tsakar gidana na kira, ina tsaye kusa da murhu. Da mutumin ya ɗauka na gaishe shi da yarensa, na ce ni ce uwar wane. Dole na faɗi sunan, don ba zai gane "yaron nan" ba. Sunan ya fito daga bakina da ƙyar, baƙo, kamar ba ni na haifi mai shi ba. Na ce in an samu labari, wannan lambar za a kira. Mutumin ya ce, "Wi, Mama." Ya ƙara da wasu maganganu da yawa da ban gane ba, amma na kasa kunne sosai, kalmomin nan biyu ba sa ciki.

Har yau ina zuwa santir bayan la'asar. Mushe ya fara ɗan taɓa wasa, rannan har ya ce mini ƴar lakwal, amma bai koma cewa matata ba, ni ma ban nema ba. Wayar tana ƙulle a haɓar zanina ko ina suya. In ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, ba na kai wa kowa. Ni nake ɗauka, in ce alo, in saurara.